Wa Ya Biya Kuɗin 'Yanta Bayi a Arewa?

Malam Habibu (Zariya): Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ni malamin tarihi ne a wata makarantar sakandare, kuma shekaranjiya wata ɗalibata ta yi mini tambayar da har yanzu nake juya ta a raina. Muna cikin darasin zuwan Turawa, na faɗa musu abin da aka saba faɗa, cewa Gwamna Lugga ya hana bauta a Arewa a 1901, sai yarinyar ta ɗaga hannu ta ce idan haka ne, me ya sa kakarta take ba su labari cewa nata kakan ya ci gaba da kai wa ubangidansa murgu, wato kuɗin da bawa yake biya don a bar shi ya yi aikin kansa, har bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano? Ajin ya yi tsit, wasu suka fara ƙunshe dariya saboda ta ambaci asalinta a bainar jama'a, ni kuwa na ce mata zan dawo mata da amsa ranar Litinin. Ina roƙon masana da dattawan da ke cikinmu su taimaka mini, domin ba na son in koma mata da kame-kame.

Dakta Nasiru (Kano): Wa alaikumus salam, Malam Habibu. Kakar yarinyar ta fi littafin da kake koyarwa da shi gaskiya. Sanarwar 1901 ta haramta kai hari don kama bayi, ta haramta saye da sayar da su, ta ce duk yaron da aka haifa daga 1 ga Afrilun 1901 ɗa ne, sannan ta ce kotun Bature ba za ta ɗauki mutum a matsayin dukiyar wani ba. Abin da ba ta yi ba shi ne haramta riƙe bawan da yake hannun ubangidansa tun kafin nan. Wannan bai zama laifi ba sai a 1936, wato shekara 35 bayan sanarwar, shi ma bayan da matsin lamba ya yi yawa daga waje sakamakon yarjejeniyar hana bauta ta 1926. Ka tuna kuma cewa lokacin da aka yi sanarwar, Turawa ba su ma ci Kano da Sakkwato ba, domin sai a watannin Fabrairu da Maris na 1903 suka shige su.

Dalilin jan ƙafar ba ɓoyayye ba ne, Lugga da kansa ya bayyana shi a umarnin da yake rubuta wa jami'ansa. Masana biyu da suka yi dogon bincike a kan lamarin, Lovejoy da Hogendorn, sun ƙiyasta cewa bayin da ke daular Sakkwato a wajen 1900 sun kai tsakanin miliyan 1 zuwa miliyan 2 da rabi. Idan waɗannan mutane suka ajiye fartanya rana ɗaya, gandayen sarakuna da na attajirai za su zama saura, kuma masu sarautar da Bature yake so ya yi mulki ta hannunsu za su talauce su juya masa baya. Saboda haka aka bi hanyar da za a hana bawa gudu ba tare da an furta hakan ba: wanda ya gudu ba a ba shi gona a inda ya sauka, ana iya kama shi da laifin zaman banza, wanda kuma yake son 'yanci sai a tura shi gaban alƙali a yanka masa kuɗin fansa, ya riƙa aiki yana biya kaɗan-kaɗan.

Alhaji Garba Mai Goro: Dakta, ban ƙi bayaninka ba, amma ina ganin mu 'yan baya muna saurin mance abin da mutanen wancan lokaci suka gani da idonsu. Kakata ta wajen uwa mutuniyar kudancin ƙasar Kano ce, wajen da mayaƙan Ningi suke kawo hari. Ta ce suna yara ba a barin su su je rafi sai da maza masu baka, kuma idan aka hango ƙura daga nesa kowa jefar da abin hannunsa yake yi ya ruga cikin ganuwa. Har ta rasu tana lissafa sunayen ƙawayenta biyu da aka ɗauke a gonar dawa ba a sake jin ɗuriyarsu ba. A wurinta zuwan Bature shi ne lokacin da mutum ya fara iya tafiya daga gari zuwa gari shi kaɗai da jakinsa. Ko mun ƙi jinin mulkin mallaka, ai ba za mu ƙaryata wannan ba.

Dakta Nasiru: Alhaji, Allah ya jiƙan kaka, kuma abin da ta faɗa gaskiya ne. An rufe kasuwar bayi ta Kano bayan cin garin, manyan hare-hare irin na Kwantagora sun tsaya tun 1901, cinikin ya koma na ɓoye, mafi yawa yara ƙanana da ake shigowa da su ta iyakar Adamawa da Kamaru. Ban rage wa wannan daraja ba. Tambayata ita ce wa ya ɗauki nauyin sauyin. Lokacin da Ingila ta soke bauta a ƙasashen da take mallaka a 1833, gwamnati ta ware fam miliyan 20 ta biya masu bayi diyya, bayin kuwa ba su sami ko anini ba. A Arewa gwamnati ba ta ma fitar da kuɗinta ba, sai ta bar bawan ya biya diyyar kansa da guminsa. Bayan haka ga haraji, wanda ya hau kansa shi ma a matsayinsa na baligi, kuma sannu a hankali aka daina karɓar wuri ko hatsi aka ce sai sulallan Bature. Ka ga mutum ɗaya yana neman kuɗin murgu da kuɗin fansa da kuɗin haraji a damina ɗaya.

Malam Isiyaku: Ina so in ja hankalin zaure kada mu ɗauko hoton gonakin auduga na Amurka mu liƙa wa ƙasarmu. Shari'a ta sa iyaka a kan wanda ya halatta a bautar, ta kuma buɗe ƙofofin 'yanci da yawa, kamar kaffara da mukataba, wato yarjejeniyar da bawa yake yi da ubangidansa don ya fanshi kansa, da 'yancin da kuyangar da ta haifa wa ubangidanta take samu bayan rasuwarsa. Tun farkon ƙarni na 17 Shehu Ahmad Baba na Tumbuktu ya yi fatawa cewa mutanen Kano da Katsina da Barno Musulmi ne, bai halatta a mallake su ba. Ɗaya daga cikin abubuwan da suka hura wutar jihadi ma shi ne kama jama'ar Abdussalami na Gimbana da mayaƙan Gobir suka yi. Sannan a fadar Kano akwai bayin sarki irin su Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama waɗanda hakimai da kansu suke shakkarsu. Wannan ba irin bautar da ake nunawa a fina-finai ba ce.

Malam Habibu: Allah ya gafarta Malam, na yarda da bambancin, sai dai Shamaki mutum ɗaya ne a kowane zamani, mutanen rinji kuwa, wato ƙauyen bayi masu noman gandu, dubbai ne. Nan ƙasar Zazzau har yau akwai ƙauyukan da kowa ya san rumada ne a da. Bawan rinji yana fita gandun ubangida da safe, sai rana ta take sannan a sallame shi ya je gayaunarsa ya nemi abin da zai ci. Kuma fatawar da Malam ya ambata shaida ce a kanmu, domin ba a yin fatawa a kan abin da ba ya faruwa. Idan mahara suka faɗa wa ƙauye, wa yake tsayawa ya tambayi wanda aka ɗaure ko yana salla?

Malam Isiyaku: Wannan haka yake, Malam Habibu, kuma malaman wancan zamani da kansu sun koka da shi. Abin da nake gudu kawai shi ne a jingina wa addini abin da son zuciya ya aikata.

Hajiya Rabi: Ina ta karatu tun ɗazu, na ga duk maganar a kan maza take, alhali mafi yawan waɗanda suka bi ta gaban alƙali a wannan lamari mata ne. Dakta zai gyara mini idan na yi kuskure. Namiji yana iya yin dako ko saƙa ko fatauci ya tara kuɗin fansarsa, mace kuwa mafi yawa wani ne yake zuwa ya biya, a rubuta cewa an fanshe ta don aure, ta tashi daga gidan wannan ta koma gidan wancan. Wani lokaci aure ne na gaskiya, wani lokaci kuma ciniki ne aka sauya wa suna, domin mai kuɗin sa-ɗaka yake nema, kuma Turawa sun san haka suka kau da kai saboda ba sa son taɓa cikin gidajen manya.

A gidanmu akwai wata tsohuwa da muke kira Iya, na tashi na same ta tana da tsagar da ba irin tamu ba a kumatunta. Ita ke surfe, ita ke wankin gawa idan an yi rasuwar mace, ita ke raka kowace amarya ɗakinta ta kwana bakwai. Idan tana daka ita kaɗai takan yi wata waƙa da harshen da babu mai jin sa a gidan. Sai da na yi aure na haihu sannan mahaifiyata ta gaya mini cewa tana ƙarama aka kawo ta, kuma a takarda ɗiya ce tun kafin a haifi mahaifina. To ina za ta je? Ba ta san sunan garinsu ba. Ranar da ta rasu, abin da aka samu a ɗakinta bai wuce tabarma da ƙwarya biyu da zane uku ba, bayan ta yi wa gidan aiki fiye da shekara 60.

Dakta Nasiru: Babu gyara, Hajiya, haka takardun kotuna suka nuna. Zan ƙara da cewa wani masani da ya yi bincike a ƙasar Zazzau wajen 1950, M. G. Smith, yana ganin yaɗuwar kulle a karkara tana da alaƙa da wannan, domin noma a gandu aikin kuyangi ne a da, saboda haka macen da ta sami 'yanci abu na farko da take yi shi ne ta daina fita gona don a san matsayinta ya sauya. Ba kowa ne ya yarda da wannan fassara ɗari bisa ɗari ba, amma tana da ƙamshin gaskiya.

Aminu Sawaba: Ni dai abin da na fahimta shi ne Bature da sarakuna bakinsu ɗaya, talaka ne kawai aka yi wa taron dangi. Ku dubi Satiru. A watan Fabrairun 1906 mutanen wannan ƙauye da ke kudu da Sakkwato, waɗanda da yawansu talakawa ne da gudaddun bayi, suka yi tawaye da gatura da fartanyu suka kashe Turawa 3 da sojojinsu. A watan Maris aka dawo musu da bindigogi masu aman wuta, tare da dakarun masarauta, aka kashe kimanin mutum 2,000, aka kwashi mata da yara, aka rushe garin aka hana sake zama a cikinsa. Wanda ya ce ya zo 'yanta bayi shi ne ya yi wannan, kuma masu rawani suna gefensa. Har yau jikokinsu ne suke hawa doki muna bin su a ƙasa.

Yarima Bashir: Ƙanena Aminu, labarin Satiru gaskiya ne kuma abin baƙin ciki ne, amma ka yi wa kowa kuɗin goro. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya bai miƙa wuya ba, a Burmi ya yi shahada a 1903 tare da ɗimbin jama'a. Sarkin Kano Alu a Lokoja ya ƙare rayuwarsa, haka Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi bayan an tuɓe shi. Wanda ya zauna a kan gado bayan waɗannan ya san abin da zai same shi idan ya ce a'a. Ban ce wannan ya wanke kowa ba, domin ni kaina na san gonakin da gidanmu yake taƙama da su ba kakannina ne suka yi sassabensu da hannunsu ba. Ina dai roƙon a bambanta wanda ya riƙe bindiga da wanda aka ɗora wa ita a ƙeya.

Aminu Sawaba: Yaya Bashir, wanda aka ɗora wa bindiga a ƙeya ba a yanka masa albashi daga baitulmali. Amma na ji daɗi da ka faɗi maganar gonaki da bakinka, ba kowa ne zai iya ba.

Mai kula da zaure: Jama'a, a ci gaba da muhawara a kan hujja, kada a koma gugar zana tsakanin gidaje. Baba Ɗanjuma ya turo saƙon murya daga Bukuru, ya ce a rubuta masa saboda idonsa, ga shi nan kamar yadda ya faɗa.

Baba Ɗanjuma (Bukuru): 'Ya'yana, kuna ta maganar bayi, ni kuma zan ba ku labarin ɗa wanda ba a taɓa sayen kakansa ba amma aka ɗaure shi da igiya aka kawo shi nan. Mahaifina mutumin ƙasar Katsina ne. Lokacin yaƙin Hitila, da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa inda take samun kuza, sai aka juyo kan Jos. Aka yanka wa kowace En'e adadin mutanen da za ta kawo, Razdan ya faɗa wa sarki, sarki ya faɗa wa hakimi, hakimi ya faɗa wa dagaci, dagaci kuwa ba zai ba da ɗansa ko ɗan mai kuɗin gari ba. Wannan shi ake kira ɗiban gwamna. Mahaifina yana cikin huɗar gyaɗa dogari ya zo ya kira sunansa.

Ya ce abin da bai taɓa mantawa ba shi ne sanyi. Mutum ya taso daga ƙasar zafi da 'yar taguwa ɗaya, a sa shi cikin rami ruwa har gwiwa tun asuba, yana ɗaukar ƙasa a kwano a kansa yana hawa yana sauka, da dare kuma ya kwanta a bukkar da iska take ratsawa ta ko'ina. Abincin da ake ba su ba ya isa, ɗan kuɗin da ake biya kuma helima yana da kasonsa a ciki. Ya ce su bakwai suka taso daga garinsu, biyu tari ya kashe su, ɗaya ya gudu da dare ba a sake ganinsa ba. Shi da wa'adinsa ya cika ya koma gida ya tarar gonar ta zama ciyawa, ga haraji yana jiransa, sai ya sake dawowa Bukuru da ƙafarsa, a wannan karon babu igiya. A nan ya haife mu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, kamfanoni suka kwashe kuza suka bar mana kududdufai da shanu da yara suke faɗawa.

Dakta Nasiru: Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Wannan ɗiba ta gudana daga 1942 zuwa 1944, ta shafi dubun-dubatar magidanta, kuma an yi ta ne bayan Ingila ta sa hannu a yarjejeniyar hana aikin tilas ta 1930, aka fake da cewa lokacin yaƙi ne. Ba a kanta aka fara ba. Hanyar jirgin ƙasa daga Baro zuwa Kano, wadda aka fara a 1907 ta iso Kano a 1911, da leburorin da hakimai suka tara aka gina ta. Abin lura a labarin Baba shi ne dawowar mahaifinsa ta biyu. Haraji ya yi aikin da igiya take yi, kuma shi ne ya cika filin kuza da ma'aikata a yawancin shekarun mulkin mallaka, shi ne kuma ya tura mutane cin rani. Shi ya sa soke haraji da jangali da gwamnatocin Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka yi a Kano da Kaduna a 1979 ya zama babban al'amari a wurin talakawa.

Malam Umaru (Ƙonni): Gaisuwa ga zaure daga wannan gefen iyaka. Abin da kuke faɗa mun san irinsa, sai dai namu Nasaran Faransa ne. Sun yi dokar hana cinikin mutane a 1905, amma suka kafa aikin dole na gina hanyoyi da ɗaukar kaya, ga kuma dokar da ta ba kwamanda ikon ɗaure mutum har kwana 15 ba tare da shari'a ba. Wannan ya sa garuruwa da dama suka tashi suka tsallaka ƙasar Ingilishi, wanda ke nuna cewa a idon kakanninmu naku ya fi sauƙi. Ba a soke aikin dole ba sai a watan Afrilun 1946, da dokar da ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny.

Amma ina so Malam Habibu ya gaya wa ɗalibarsa cewa maganar ba ta zama tarihi ba tukuna. Sai a 2003 Nijar ta sa hukuncin bauta a dokar laifuka, bayan gwagwarmayar ƙungiyoyi irin su Timidria. A nan yankinmu aka sayar da Hadijatou Mani tana da shekara 12 a kan jika 240 (sefa dubu 240), ta zama wahaya, wato macen da ake ajiyewa bayan mata huɗu ba tare da ɗaurin aure ba. A watan Oktoban 2008 kotun ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta sami gwamnatin Nijar da laifin gazawa wajen kare ta, ta ce a biya ta sefa miliyan 10. Laifi tudu ne, mu kan taka namu mu hango na Bature.

Hajiya Rabi: Malam Umaru ya taɓo inda yake mini ciwo. Mu a nan ba a sayar da kowa, amma a bari maganar aure ta taso a ga yadda ake aika tsofaffi su binciko asali. Shekara uku da suka wuce an fasa auren 'yar ƙawata bayan an kai lefe, saboda wata gwaggon ango ta gano cewa kakan kakan yarinyar bacucane ne. Yarinyar likita ce. Ba wanda ya furta dalilin a fili, cewa aka yi an yi istihara ba ta yi kyau ba, aka aiko a kwashe akwatuna da daddare.

Malam Isiyaku: Wannan kam jahilci ne tsagwaronsa, Hajiya, kuma ƙarya aka yi wa istihara. Sarakuna nawa ne a ƙasar nan iyayensu mata ƙwaraƙwarai ne, aka naɗa su ba wanda ya ce uffan?

Malam Habibu: Na gode wa kowa, musamman Baba Ɗanjuma da Hajiya. Ranar Litinin zan rubuta shekaru biyu a allo, 1901 da 1936, in bar ɗalibai su lissafa tazarar da kansu, sannan in ba su labarin murgu da na ɗiban gwamna. Waɗanda suka yi dariya kuma ina da magana da su daban. Na kira mahaifin yarinyar ɗazu don neman izini, sai ya ce mini tsohuwar tana da wata takarda da rubutun ajami a cikin gwangwani, wadda take cewa ta fansar kakanta ce, har da hatimin alƙali, amma ba ta bari kowa ya taɓa. Dakta, idan ta yarda aka buɗe, me ya kamata mu yi da ita?

Dakta Nasiru: Kada a manna mata leda mai zafi irin ta masu kwamfuta, domin tana lalata tawada kuma ba a iya cire ta daga baya. A shimfiɗa ta a kan farin ƙyalle a inuwa, a ɗauki hotonta gaba da baya da waya, a nemi malamin da ya saba da rubutun alƙalan da ya karanta a gaban tsohuwar, a kuma naɗi muryarta tana faɗin abin da ta sani. Ku duba sunan alƙalin da adadin kuɗin da sunan wanda ya karɓa. Idan iyalin sun amince, ana iya kai hoton Gidan Arewa ko ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, takardar kuwa a mayar mata da ita cikin gwangwaninta.